Tsumman Hannun Maigandi

Ku matso kusa, yau zan gaya muku abin da ke ƙarƙashin tsumman da Maigandi majemi ya naɗe hannunshi na dama da shi har wata uku cur, shekarar da anka yi rabon kuɗin Udoji. Duk Ƙofar Marke babu wanda bai tofa nashi ba. Wasu sunka ce maciji ne, wasu sunka ce aljanar majema ya mara bai sani ba, wata tsohuwa ma ta rantse yatsa na shida ne ya tsiro mishi. Duk ƙarya. Ni na sani, don da idona na gani. Amma ku dakata tukuna, ba daga hannu ake fara wanga zance ba. Wanda bai san Maigandi ba, ko na faɗa mishi ba zai ji daɗin abin ba.

Maigandi taubashina ne. Uwarshi ƙanwar ubana ce, ni ɗiyar namiji shi ɗan mace, ke nan bawana ne halak malak, ko gaban liman na zage shi sai dai ya yi dariya. Katanga ɗaya ta raba gidan da nike aure da nashi. Katangar ba ta da tsawo, kuma wanga ba laifina ba ne, ba ni na gina ta ba.

Gadon jima ya yi. Yana ɗan shekara bakwai ubanshi ya kama hannunshi ya tsoma cikin kwatarniyar bagaruwa, tun ran nan hannun bai sake fitowa ba sai don salla da cin tuwo. Maigandi dama baƙi ne, amma hannun nan ya fi shi. In ya ɗaga shi da rana tsaka zai gaida mutum, kajin unguwa shiga akurki suke, sun ɗauka magariba ta yi. Wari kuwa kada ku tambaya. Toka, kashin tantabara, ɗanyar fata, duk sun taru sun yi gida a jikinshi. In ya nufi Runjin Sambo, mutanen can na amsa sallamarshi tun yana hanya.

Amma fa gwani ne, wannan ko ni ba ni hana mishi. Ka miƙa mishi fatar jar akuya ido rufe, ya shafa sau ɗaya, ya gaya maka garin da ta yi kiwo, da ko uwargijiyarta marowaciya ce. Kuma yana da doka guda da ya gada, wadda bai taɓa karyawa ba: ba ya sa mai ko rini a fatar kirki sai ya fara gwadawa a guntun fata, ya shanya, ya ga abin da ya yi. An ce ranar da matarshi Hauwa'u ta tare, ta kawo mishi turare, sai da ya ɗiga shi a guntun fata ya shanya kwana biyu kafin ya yarda ya shafa. Ban gani ba, amma na yarda.

Abin da Maigandi ya fi so a duniya, in an cire salla, ciyayya ne. Su shida ne, a ƙofar gidan Ƙasimu mahauci, wanda shi ke sayar mishi da fatu tun suna samari. Da an sallame magariba kowane gida ya fiddo akushinshi, a jera kan tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, hannu shida cikin akushi guda. Shekara talatin da ɗaya suna haka. Ranar da uban Maigandi ya rasu ma ba a fasa ba, ɗauko akusan anka yi anka kawo zaurenshi. Wurin zamanshi dama da Ƙasimu, kuma tun da anka fara ba su taɓa yarda da juna kan komai ba. Ƙasimu ya ce miya ta yi gishiri, Maigandi ya ce lami ce. Ƙasimu na kiranshi Sarkin Wari, shi yana kiran Ƙasimu Angon Ƙuda. In ba su yi wanga ba tuwon ba ya wuce musu.

Sai ga kuɗin mai sun shigo ƙasa. Soja na mulki, anka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, gari ya haukace da saye. Wanga ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, akwai wanda na sani ya sayi fanka alhali gidanshi ko waya ba a ja ba, ya aje ta tsakar ɗaki baƙi na zuwa gaishe ta. Ƙasimu ya ja wutar lantarki, ya rataya ƙwai guda saman tabarmar ciyayya, wuri ya yi fes, ko ƙashin kifi ya faɗi sai an gan shi.

Bawana ya ga kowa na da abin nunawa ban da shi. Wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Legas ya kawo mishi safar hannu ta roba, baƙa, doguwa har gwiwar hannu, yac ce mishi da ita manyan majeman ƙasar Turawa ke aiki. Shi ke nan, Maigandi ya samu. Daga hantsi har la'asar hannu na cikin roba, cikin zafin Sakkwato da kunka sani, in ya tuɓe ta gumin da ke zuba ya isa alwalar mutum biyu. Har kasuwa yake zuwa da ita. Mutum bai gaishe shi ba ma sai ya ɗaga mishi hannu.

Nac ce mishi ta kan katanga, “Bawana, yanzu kai ne likitan awaki?”

Yac ce, “Zainaba, ke da ba ki san zamani ba, koma ki kula da tukunyarki, ga ta can tana ƙonewa.”

Wata huɗu ana haka. Ran nan da safe sai ga Maigandi ba roba, hannun dama naɗe da tsumma. Yac ce wuƙar karce fata ce ta yanke shi. Da magariba akushinshi ya je ciyayya, shi bai je ba. Washegari haka. Jibi haka. Yau yac ce ciwon ciki, gobe ciwon kai, jibi baƙo ya yi.

To ga asirin, tun da kun yi haƙuri. Fari ne. Tabo uku farare fat a bayan hannun, da wani siriri tsakanin yatsu, kamar an ɗiga mishi nono. A hannun kowa abin zai fito, balle a hannun Maigandi. Shi kuwa da ya gani, abu ɗaya ya faɗo mishi a rai: kuturta. Kun san yadda ake yi. Ba a korar mutum, ba a zaginshi, sai dai ran nan ya zo ya tarar an zuba mishi nashi a ƙwarya daban, an aje can gefen tabarma, ana ta yi mishi sannu. Wagga ƙwarya ita Maigandi ke tsoro, fiye da ciwon kanshi. Hauwa'u ta gaya min daga baya, tac ce ko abinci ya daina ci sosai, sai ya zauna yana jin dariyarsu Ƙasimu daga nesa yana juya loma.

Hauwa'u ba ta da hayaniya, amma in ta kafe ko jaki ya san da zamanta. Tac ce, “Malam, ko ka tashi mu tai asibiti, ko in tai in kira Ƙasimu ya kwance tsumman nan da kanshi.” Kafin ta rufe baki ya sa hula.

Likitan wani saurayi ne mutumin Gwandu. Ya duba hannun, yac ce Maigandi ya rufe ido. Ya shafa mishi auduga a kan farin.

“Ka ji?”

“Na ji.”

Ya ɗan soka mishi allura. Maigandi ya yi wata ƙara da sai da masu jiran layi sunka miƙe, wani mai karaya ma ya manta ya ruga.

Likita ya yi dariya yac ce, “Baba, tabon kuturta ba ya jin taɓi haka. Wanga ba ita ba ce. Mi kake sa wa hannun nan?”

Da ya ji zancen roba da jima, sai ya yi mishi bayani da yaren da zai gane. Yac ce a cikin fatar kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, aikinsu ke nan rina fata daga ciki, kamar marina a bakin karofi. Wani abu da ke jikin robar nan, da gumi ya jiƙa shi, shi ya sa na wurin sunka aje aiki. Yac ce a jefar da safar yau yau. Sa'an nan ya ba shi kwalbar wasu ƙwayoyi masu taushi, launin zuma, yac ce sunansu bitamin E, ya riƙa haɗiye ɗaya kullum. Yac ce ba ya yi mishi alkawari, wataƙila su taimaka wa marinan su farfaɗo, wataƙila a'a, babban maganin dai barin roba da haƙuri, don abin na iya ɗaukar watanni.

Kuna cewa da ya dawo sai ya nufi ciyayya da murna ko? Ina! Hauwa'u tac ce, “To Malam, ai an wanke ka.” Yac ce, “Likita na cin tuwo da mu? In na sa hannun ga cikin akushi ƙarƙashin fitilar Ƙasimu, mutum ɗaya ya ɗan janye nashi, ko da bai ce komai ba, na gama. Sai ya koma baƙi tukuna.”

Ya fara da abin da ya sani. Ya samo kuloko, baƙin rinin da dukawa ke zane da shi, ya shafe tabon. Ya yi kyau ƙwarai, har ya gwada cin tuwo a gida. Loma uku, tuwon Hauwa'u ya koma kamar an dafa shi da gawayi.

Sa'an nan ya waiwayi kwalbar likita. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta, ya matsa, ta fashe a yatsanshi. Ya shinshina. Ya murza.

“Hauwa'u! Zo ki gani. Mai ne!”

“To, sai ka haɗiye.”

“In haɗiye? Shekara arba'in ina ba fata mai, kin taɓa ganin na ɗura mata ta baki? Yaron nan ya yi karatu, ban hana mishi ba, amma fata dai ni ne ubanta. Ciwo na hannu, a aika mai ciki? Yaushe zai iso?”

Kuma kun san dokarshi. Hannun Maigandi ai fatar kirki ce, ba a sa mata abin da ba a gwada ba. Ya yanko guntun fatar da anka jeme fara, ya zauna da allura yana huda ƙwayoyin nan ɗaya ɗaya yana matsewa, ya murje ta da kyau, ya shanya a rana. Kwana uku yana zagayarta kamar mai jiran haihuwa. Fata ta yi laushi, ta yi ƙyalli, baƙi dai babu.

Hauwa'u tac ce, “Malam, ba marina likita yac ce ba? Akuyar da anka yanka bara, wane marini ya rage cikinta?”

Ya aje guntun fatar. Yac ce, “Wallahi kin yi magana. Mai rai za a nema.”

A nan ne ni abin ya biyo ta kaina. Ina da wata akuya baƙa mai farin tabo a gefen ciki, Allah ya yi ta da yawon gidajen mutane, ban san inda ta koyo ba. Ran nan ta dawo, na ga an aske mata farin nan tas, wurin na ƙyalli. Washegari haka. Ƙyallin har ƙuda in ya sauka zamewa yake ya faɗi. Nac ce shi ke nan, an yi min sammu ta jikin dabba. Na tofe ta da addu'a, na turara mata hayaki, har na fara zargin wata maƙwabciya da ba ta ji ba ta gani ba, Allah ya yafe min. Rana ta huɗu na bi sawunta. Ta shige gidan Maigandi kamar gidan ubanta. Na kife turmi jikin katanga, na hau.

Mi zan gani? Bawana durƙushe, ya ba akuyata dusa tana ci, tsumma a ƙasa, yana huda ƙwaya yana shafa mata yana lallashi: “Yi baƙi, 'yar albarka. Yi baƙi in ga.” Ga farin hannu a fili. Na toshe bakina da gyale na sauko, na shiga ɗaki na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma ku ji abin mamaki, ban faɗa wa kowa ba. Ni! Kwana goma sha ɗaya zancen na cikina yana tafasa, har ramewa na yi. Na ga fuskarshi ne lokacin da yake roƙon akuyar nan, sai bakin ya ƙi buɗuwa.

Akuya dai ba ta yi baƙi ba, ƙiba ta yi. Kwalba ta kusa ƙarewa, rabi a guntun fata, rabi a dabbar mutane, mai ciwo ko ɗaya bai haɗiye ba. Da Hauwa'u ta ƙirga abin da ya rage ta ga bakwai, ta ƙwace kwalbar, kullum da safe ta tura mishi ɗaya cikin fura ta tsaya kanshi. Shi kuma a ɓoye yana lakatar ragowar man da ke jikin guntun fatar yana shafawa. Can sai ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ƙanana kamar gero, sun fara fitowa cikin tabo ɗaya. Yac ce shafawarshi ce. Tac ce haɗiya ce. Da sunka koma asibiti, likita yac ce shi dai ya fi zargin robar da anka jefar, kuma Allah ne masani. Har yau ba a raba wagga gardama ba.

Amma ɗigo biyar ba su rufe tabo uku, ga wata na uku ya kusa cika. Ranar wata Alhamis, akushin da Hauwa'u ta aika ciyayya ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Wanda ya san ciyayya ya san mi wanga ke nufi. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa mayar da akushin kowa ba. Maigandi ya dubi akushin nan, ya shiga ɗaki.

Washegari bayan an sauko Juma'a, na ji sallama a gidan Maigandi da wata murya kamar ana kiran shanu. Ƙasimu ne. Kafin a amsa na riga na hau turmi. Ya shigo har tsakar gida, Hauwa'u ta ja lulluɓi ta shige ɗaki, ga shi da akushi a hannu, da kanshi ya ɗauko, mutum da girmanshi. Ya dire shi gaban Maigandi ya zauna.

“Sarkin Wari, mi munka yi maka?”

“Ba ku yi min komai ba.”

“Ka yi kuɗi ne? Ko tuwonmu ne bai kai na masu safar roba ba? In ka fi ƙarfinmu ka faɗa, mu san inda munka tsaya. Wata uku muna cin tuwon mutum ba mutum, sai ka ce sadakar mamaci.”

“Yanka ne, Ƙasimu, bai warke ba.”

“Ni za ka gaya wa yanka? Ni da wuƙa ta yanka sau ɗari? Wane yanka ne ke wata uku ba jini ba ƙuda? Kwance.”

“Bari dai...”

“Kwance, ko in kwance.”

Maigandi ya ɗago hannun. Sa'an nan ya kama bakin tsumman da haƙori ya warware. Ya miƙa shi, ya kau da kai.

Ƙasimu ya duba. Ya juya hannun, ya duba ciki, ya sake juyawa, yadda yake duba cinyar rago. Maigandi ya buɗe baki yac ce, “Likita dai yac ce ba...”

“Wa ya tambaye ka likita?”

Ya ɗage murfin akushi. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, tururi na tashi. Bai saki hannun ba, ya ja shi ya dulmiya cikin miyar har wuyan hannu, sa'an nan ya sa nashi kusa da shi ya yanko loma.

Yac ce, “Shekara talatin da ɗaya ina cin tuwo da hannun da ke warin kashin tantabara, ban taɓa yin ƙorafi ba. Yau da Allah ya taimake mu wuri uku sunka yi tsabta, shi ne za ka ɓoye muna? Ci, don Allah. Kuma miyag ga ta yi gishiri.”

Maigandi ya kai loma baki. Hawaye na bin gemunshi, yana tauna yana dariya. Ya haɗiye, ya share ido da kafaɗa, yac ce, “Lami ce, Angon Ƙuda. Harshenka ya mutu.”

Ni kuma can saman turmi ban san lokacin da wani abu ya kubce min ba, rabi dariya rabi kuka, da ƙarfi kamar kukan jaki. Na yi maza zan duƙa, turmi ya gurgura, na rungumi katanga, ƙafafu na lilo, kai da ɗankwali duk a cikin gidan mutane.

Maigandi ya ɗago. Munka haɗa ido.

“Zainaba.”

“Na'am, bawana. Wai dama iska nike sha.”

“Iskar gidanku ta ƙare ne?” Ya ɗaga hannun sama, miya na ɗiga har gwiwa, ya juya min shi gaba da baya. “To duba da kyau, kada ki rage komai. Uku ne, da ɗan siriri. In kin sauko lahiya ki fara daga Ƙofar Marke, kafin magariba ina son kowa ya ji, don in na zo ciyayya kada wani ya tsaya kallo tuwo ya huce.”

Ƙasimu ko ɗagowa bai yi ba. Da loma a baki yac ce, “Ku bar ta nan rataye mu gama tukuna.”